Reza mai taya ta yankan ƙyalle, bayan wata shida ina aiki da ita

Ni ɗalibar likitanci ce, wanda ya san karatun nan ya san yadda kai ke ɗaukar zafi, ka wuni kana haddace jijiyoyin kai guda 12 da ƙasusuwa 206 ka dawo ɗaki ido na yaji. Abin da nake hucewa da shi shi ne ɗinkin bargo na haɗe-haɗe, wato in tara guntayen ƙyallaye da tsofaffin rigunan da na daina sawa in yanka su in jona. Matsalar kawai yankan ne. Da almakashi nake yi, kafin in fitar da murabba'i talatin babban yatsana ya yi kanta, kuma rabinsu a karkace, wajen jonawa kusurwa ta ƙi haɗuwa da kusurwa, abin da aka zo a huta sai ya koma ɓacin rai.

Shi ne na sayi saitin nan mai abu uku, reza mai taya (wato zagayayyiyar reza da ke juyawa kamar taya a jikin mariƙi) mai faɗin milimita 45, tabarmar yanka mai inci 18 da 24, da rula ta roba mai kauri wadda ake hango ƙyallen ta cikinta. Kamfanin Olfa na Japan ne ya fara fito da irin rezar a 1979, amma tawa ba tasu ba ce, wani ƙaramin kamfani ne.

Gaskiya ranar farko na sha mamaki. Na jera ƙyalle ninki huɗu, na danne rula da hannun hagu, na tura rezar gaba sau ɗaya, shuuu, sai ga zirin yadi mai inci biyu da rabi ya fita sambal kamar inji ya yanka. Aikin awa ɗaya da almakashi yanzu ko minti goma sha biyar ba ya kaiwa, kuma ga mai jarrabawa a gaba wannan ba ƙaramin abu ba ne, don lokacin da nake da shi bayan sintirin duba marasa lafiya ba ya wuce rabin awa. Layukan jikin rular ma sun taimaka wajen barin rubu'in inci na bakin ɗinki, murabba'in ya dawo inci biyu cif bayan an jona. Har ƙarar da take yi a kan tabarmar tana min daɗi wlh.

To sai dai fa. Kaifinta ba wasa, ni da nake riƙe wuƙar tiyata a aji ma sai da ta ɗan ɗanɗana min a yatsa wata rana da nake yanka ina sauraron lakca a waya, laifina ne na manta ban mayar da murfin ba. Maɓallin murfin ma yana da tauri, da hannu biyu nake rufewa. Rezar da ta zo da saitin ta fara dakushewa tun wata na biyu, sai ka ga ta bar zare ɗaya ɗaya bai yanke ba, dole na sayi wasu na canji. Tabarmar kuma ba ta son zafi ko kaɗan, na ɗora dutsen guga a gefenta sau ɗaya wurin ya kumbura ya lanƙwashe, har yau bai miƙe ba, yanzu ɗaya ɓangaren kawai nake amfani da shi.

Wata ƙawata tana tsokanata wai duk dabara ce don hannuna ya faɗa a ɗinkin rauni, ni dai ban ga alaƙa ba, allurar tiyata a lanƙwashe take kuma da ƙarfe ake riƙe ta.

Tauraro huɗu na ba saitin cikin biyar. In za ki saya ki haɗa da rezar canji tun farko, ki ajiye tabarmar a shimfiɗe nesa da rana. Bargona na biyu saura layi uku, sai bayan jarrabawar ilimin magunguna in sha Allah.