Wace Manhaja Za Ka Zaɓa Don Haɗa Ƙamus?

Kafin ka sauke kowace manhaja, gwada ta da kalmomi uku: baki, baƙi mai launi, da baƙi masu zuwa gida. Idan ta kasa raba k da ƙ wajen jera kalmomi, ko ta rasa inda za ka nuna karin sauti da tsawon wasali, bar ta. Nan ne Word da Excel ke gaza mutum. Suna da daɗin farawa, amma da kalmomi sun kai dubu biyu sai gyara ɗaya ya zama aikin yini.

FLEx, wadda SIL, ƙungiyar nazarin harsuna, ta yi, ita nake ba mai niyyar dogon aiki shawara ya ɗauka. Kyauta ce. Kowace kalma tana da gurbin ma'ana, jinsi, jam'i da jimlar misali. Ka shigar da gari mai jam'i garuruwa, ka shigar da garin tuwo, ita da kanta za ta ba su lamba 1 da 2. Kai za ka tsara mata jerin baƙaƙe, ka ce ɓ ta biyo bayan b, sh da ts kuma kowanne harafi guda ne. Tana karɓar rubutu fiye da ɗaya a kalma guda, don haka boko da ajami za su zauna gefe da gefe, haka 'y ta Najeriya da ƴ ta Nijar. Sai dai tana son kwamfuta mai ɗan ƙarfi, kuma makon farko sai an daure, domin gurabenta sun yi yawa.

WeSay ƙanwarta ce, an yi ta don masu harshe da ba su karanci kimiyyar harshe ba. Tana yi maka tambayoyi fanni-fanni: noma, aure, cuta, kasuwa. Ka zauna da dattijon maƙeri ko majemi, yana faɗa kana rubutawa. Abin da aka tara kuma yana shiga FLEx ba tare da sake bugawa ba.

Toolbox tsohuwa ce, mara nauyi, amma alamomin da ke raba gurabenta, kamar na ma'ana da na jam'i, da hannu ake kula da su. In ba gadon aikin wani ka yi a cikinta ba, kada ka fara da ita.

TLex, daga Afirka ta Kudu, ta kuɗi ce. Ta fi dacewa da kamfanin ɗab'i ko cibiyar jami'a mai editoci da yawa. Lexonomy kuwa a intanet take zaune, ba a sauke komai, amma ranar da data ta ƙare aiki ya tsaya.

Duk wadda ka zaɓa, tun ranar farko shigar da kalmomi ashirin ka gwada fitar da su. Daga FLEx ana iya tura ƙamus zuwa Webonary, shafin intanet da ake wallafa ƙamus a kai, ko a mai da shi manhajar Android ta hanyar Dictionary App Builder, yadda ɗalibi a Katsina ko Maraɗi zai buɗe shi a wayarsa.