Top Chef ko Le Meilleur Pâtissier: amsa ga Hajiya

Hajiya, kin ce ɗiyarki tana son koyon gato don ta riƙa saidawa lokacin biki da suna, kuma gida ya rabu biyu: maigida da samari suna son Top Chef, ku mata kuna son Le Meilleur Pâtissier. Kin tambaya wanne ya fi amfani. Mu ma a gidanmu nan Yamai an daɗe ana wannan gardama.

Dukansu biyu gasar girki ce ta tele, tashar M6 ta Faransa ke nuna su, amma ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba. Top Chef ya fara a 2010, kuma masu gasar ƙwararru ne da girki ya zama sana'arsu a manyan gidajen abinci. Kuɗin da ake ci yana iya kai Yuro 100,000, wajen miliyan 65 na sefa ke nan, shi ya sa ake gudu ana zufa, Philippe Etchebest, ɗaya daga cikin alƙalan gasar, yana tsaye a kan mutum kamar zai cinye shi. Le Meilleur Pâtissier ya zo a 2012, an kwaikwayo shi daga The Great British Bake Off na Ingila da aka fara a 2010. Can 'yan koyo ne irinmu, malamin makaranta, ma'aikaciyar asibiti, tsohuwa mai jikoki, suna gashi a cikin tanti. A na Ingila ko sisi ba a ba wanda ya ci, sai faranti na ɗora gato da furanni.

Masu son Top Chef suna cewa shi ne gasa ta gaskiya, ɗayan kuwa wasan yara ne da ake lallashin kowa. Ƙanena yana kallonsa kamar kokowar Sabre, ya zaɓi gwaninsa tun makon farko yana ihu. Akwai gwajin da ake shigar da masu gasa ɗaki mai duhu, su ɗanɗana abinci ba su gan shi ba, su fito su dafa irinsa. Wannan kam ni ma ba na tashi daga gaban tele in ana yin sa. Amma in kin zauna da takarda da biro don ki kwashi wani abu, za ki tashi hannu rabbana. Kyamara na tsalle daga tukunya zuwa fuskar mai kuka, ba a gaya miki awo, rabin kayan kuma ko a Babbar Kasuwa ba za ki same su ba. Surukata kallo ɗaya ta yi wa farantin da aka ɗiga wa miya uku da loma guda ta nama, ta ce wannan ko yaron goye ba zai ƙoshi ba.

A nan ne shirin gato ya fi. Gashi aikin awo ne. Miyar kuka in gishiri ya yi kaɗan sai ki ƙara, gato kuwa in ya shiga wuta magana ta ƙare. Don haka dole alƙalai su faɗi dalili. Cyril Lignac zai yanka gaton ya nuna cewa tsakiya bai gasu ba saboda wuta ta yi yawa, baya ya ƙone ciki na ɗanye. Mercotte kuma, a shekarun da ta yi tana alƙalanci tare da shi, takan ba kowa girki iri ɗaya, sau da yawa tsohon gato da ba wanda ya sani, ta ɓoye wasu bayanai, sannan a ɗanɗana ba tare da an san na wane ne ba. Idan kika ga mutum goma sun yi abu guda, bakwai sun lalata, kowa da irin kuskurensa, kin koyi abin da littafi ba zai koya miki ba. Wannan ya ƙyale ƙwai bai bugu ba, wancan ya buɗe murhu da wuri gato ya faɗa.

Masu sukarsa ma suna da gaskiyarsu. Shirin yana da tsawo, surutu da barkwanci sun yi yawa, wani lokaci kuma ado ake yabawa fiye da ɗanɗano, mu kuwa da ke gida ba mu da bakin tantancewa. Sannan a duka biyun ana sa giya a girki, Top Chef har da naman alade, a kayan zaƙi kuma ana yawan amfani da jelatin, abin da ke sa su daskare, wanda galibi daga alade ake samo shi. Ki gaya wa yarinya ta lura, a madadin jelatin akwai agar-agar da ake yi daga ciyawar teku.

Sai zancen zafi. A 2014, a shirin Ingila, wani ɗan gasa ya zuba aikinsa a kwandon shara don haushi saboda ƙanƙarar madararsa ta narke a tanti. Ingila fa ke nan. To ina ga Yamai a watan Afrilu, zafi ya haura 40, kuran yana zuwa yana ɗaukewa? Man shanun da suke murzawa a can, nan kafin ki juya ya zama ruwa. Na taɓa gwada kirim irin nasu don sunan ɗiyar ƙanwata, kafin mu isa unguwar Lazare ya zube a cikin mota.

Saboda haka ki bar wa maza Top Chef ɗinsu, ɗiyarki ta bi na gato, musamman gwajin girki iri ɗaya irin na Mercotte. Ta fara da gaton da ba ya son firigo, irin na yawur ko na lemun tsami, ta yi kwaɓinta da asuba. Kafin komai ki saya mata ƙaramin sikeli, ta daina awo da kofin shayi.