Fosi Audio V3: ƙaramin amfilifaya mai aiki, amma adaftarsa ce ke yanke hukunci

Fosi Audio V3 ya fito a 2023 a kan kuɗi wajen dala 90, kuma yana cikin amfilifayoyin ajin D, wato ƙanana marasa ɓarnar wuta, da ake saye don sauraron kiɗa a ɗaki. Akwati ne na alminiyom da za a iya ɗauka a tafin hannu. A gaba maɓalli ɗaya ne tak, shi ne na ƙara murya, shi ne kuma na kunnawa da kashewa. A baya akwai mashigar RCA, wato ramukan ja da fari da sauti ke shiga, wurin ɗaura wayoyin sifika biyu, ƙaramin rami na milimita 3.5 mai fitar da sauti zuwa wufa (sifikar bes) mai nata amfilifaya, sai ramin wuta. Babu Bluetooth, babu rimot, babu maɓallin bes.

Abin da ke aiki a ciki shi ne aisi (IC, ƙwayar lantarki mai haɗe da da'irori) mai suna TPA3255 na kamfanin Texas Instruments, wanda ake samu a amfilifayan Aiyima A07 da ire-irensa. Tsofaffin amfilifayoyin ajin AB masu nauyin tiransifoma suna barin taransista a buɗe rabi da rabi, don haka kaso mai yawa na wutar yana tafiya a zafi. Wannan aisin na ajin D kuwa kunna taransistocin yake yi yana kashewa sau dubu ɗari huɗu da wani abu a daƙiƙa guda, faɗin kowane bugu yana bin sautin da ya shigo. Daga nan kwayil da kafasita su tace bugun su bar kiɗan zalla. Idan ana jan wuta sosai, kusan kashi 90 cikin ɗari na kaiwa ga sifika. Shi ya sa ba ya buƙatar fanka.

A tallarsa za ka ga wat 300 sau biyu. Kada wannan ya ruɗe ka. Adadin ya samo asali ne daga takardar bayanin aisin, inda aka auna da sifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wuta), da wuta kusan iyakar abin da yake ɗauka, a matakin da sautin ya gurɓace da kashi 10 cikin ɗari, wato ya riga ya fara tsagewa. Lissafin gaskiya yana jikin adaftar da ke ba shi wuta, wadda iri biyu ce. Ta bolt 32 mai amfiya 5 wat 160 take bayarwa, kuma ɓangaren hagu da na dama ne za su raba. Ta bolt 48 mai amfiya 5 wat 240 ce. Ba a ɗebo wat 600 daga cikinta. Idan sifikarka mai om 8 ce, ƙarfin bolt ɗin ne ma ke fara tsayar da kai: bolt 32 ba zai wuce wat 64 a kowane ɓangare ba ko da babu asara, bolt 48 kuma wat 144. A aikace a rage kaɗan daga nan.

To wace za a ɗauka? Ga mafi yawan ɗakuna, ta bolt 32. Bambancin ƙarar da ke tsakaninsu desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) uku da rabi ne kacal. Kunne zai ji, amma bai kai ninki ba. Ƙaramar sifikar da ake ɗorawa a kanta mai desibel 87 a wat ɗaya tana kai desibel 97 da wat 10 a tazarar mita guda, kuma wannan ya isa maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofa. Abin da bolt 48 ke ƙarawa tabbas shi ne zafi. Aisin a manne yake da jikin akwatin, akwatin ne ke shanye zafin, kuma da babbar adafta yana ɗumama ko ba a sa kiɗa ba. A ɗakin da babu iyakwandishan a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan zafin ya kai iyaka aisin yana katse kansa, ba ya ƙonewa, amma kafasitocin ciki suna saurin tsufa. A bar masa sarari, kada a ɗora shi a kan dikoda, kada a lulluɓe shi da ƙyalle yana aiki. Ramukan iskar da ke jikinsa kuma ƙofa ce ga ƙurar hunturu, sai a riƙa hure su a kai a kai bayan an cire wuta. Babbar adafta ta dace ne da manyan sifikoki masu cin wuta a falo mai faɗi.

Sautinsa tsaf yake, bes ɗinsa a ɗaure, kuma idan babu kiɗa sai an kanga kunne a tuwita, wato ƙaramar sifikar siraran sautuka, kafin a ji wani huci. Aibinsa ɗaya ne da ya kamata a sani. Da'irar da ke gyara kurakuran sauti ba ta haɗa da matatar ƙarshe ba, saboda haka siraran sautukan sama suna canzawa gwargwadon sifikar da aka haɗa. Da mai om 8 sukan ɗan tashi a can ƙololuwa. A sifika mai taushin murya ba za a lura ba, a mai kaifin tuwita kuwa ana iya gajiya da sauraro. V3 Mono da ya biyo baya ya gyara wannan, sai dai guda biyu ake buƙata, ɗaya ga kowace sifika. Maganar sauya ƙananan aisi biyu na NE5532 da ke ciki, wadda masu sha'awa ke yawan yi, kuɗin ya fi amfani a kan sifika.

Wajen haɗawa ne aka fi yin ɓarna. Baƙaƙen sandunan sifika a wannan amfilifaya ba na ƙasa ba ne, suna ɗauke da wuta kamar jajayen. Kada a haɗe baƙin hagu da baƙin dama, kada ɗayansu ya taɓa jikin akwati. Wufar da ake ɗaura wa wayar sifika kai tsaye, wadda ta haɗe baƙaƙen a cikinta, tana iya jawo matsala. A bi ta ramin milimita 3.5. Sandunan ƙanana ne kuma a matse, zare ɗaya na tagulla da ya kuɓuce ya isa ya haɗa wuta, don haka a murɗe wayar sosai ko a sa mata kai mai tsirawa. Waya mai kaurin milimita 1.5 ta tagulla zalla ta wadatar a tsawon mita uku zuwa biyar. A fara tsira adafta a jikin amfilifaya kafin a sa ta a soket, in ba haka ba takan yi tartsatsi ta ci bakin ramin.

Idan ana jin gurnani bayan an haɗa da talabijin ko dikoda, a zare wayar dish a saurara. In ya ɗauke, daga nan yake shigowa. Maganinsa a ɗauko sauti ta wayar haske (optical) zuwa ƙaramar na'urar DAC mai mayar da sautin dijital zuwa wanda amfilifaya ke karɓa, daga nan zuwa RCA. Mai sauraron rediyo a gajeren zango kuma ya nisanta akwatin rediyonsa da adaftar, don tana watsa ƙara a wannan zangon.

Adaftar tana karɓar bolt 100 zuwa 240, don haka wuta mai rauni ba ta cika damunta ba. Dawowar wuta da ƙarfi ce ke kashe ta, sai a sa mata soket mai kariya. Inbata maras tsaftar wuta tana sa ta ƙugi da zafi. Masu sola kan so su haɗa amfilifayan kai tsaye da batir tun da wutar DC yake ci. A tsarin bolt 24 ana iya yi, da fis a kan waya da tabbatar da cewa tsakiyar filogi ce mai alamar tarawa, za a samu wajen wat 30 a sifika mai om 8. A tsarin bolt 48 kuwa kada a gwada. Batura huɗu masu bolt 12 da ke caji suna kai bolt 57.6, iyakar da aka ƙayyade wa TPA3255 kuma bolt 53.5 ce.