GARGAƊI: Masu "kai saƙo har ƙofar gida" sun gudu da kayana na N640,000, sun kuma karɓe min N100,000 a kai

Jama'a assalamu alaikum. Yau kwana tara ina rubuta wannan magana ina gogewa, don wallahi kunya nake ji. Amma jiya da daddare na ga sun buɗe wani sabon shafi a Instagram, suna ya canza, hotunan kuwa su ne dai, farar motar nan da kwalayen nan da aka jera. Sai na ce idan na yi shiru aka cuci wata baiwar Allah, da hannuna a ciki.

N740,000 aka ci min. Kaya na N640,000, kuɗin hannu N100,000. Ku sake karantawa, N740,000.

Kuma kada wani ya zo min da maganar ai sabuwar hannu ce. Shekarata shida ina sarin kaya a Kantin Kwari ina sayarwa daga gida. Na aika saƙo Abuja, na aika Jos, Maiduguri, Fatakwal, Legas, ban taɓa rasa ko ɗankwali ba. Na san tashar Unguwa Uku kamar tafin hannuna, na san inda manyan bas-bas na kudu suke lodi a Sabon Gari. Na san yadda ake yi: ka kai kayanka, a rubuta a littafi, a ba ka lambar direba da lambar mota, ka tura wa mai kaya, ya kira direba idan an kusa. Haka nake yi shekara shida. Sau ɗaya tak na sauka daga wannan hanyar.

Kayan lefe ne. Wata Hajiya ce a Agege, tsohuwar kwastomata, za ta aurar da ƙaninta. Atamfa turmi 14, leshi 3, da shadda. Ta biya ni kuɗinta cif, ba ta rage ko sisi ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Roƙonta ɗaya ne, ta ce, "Ƙanwata, don Allah wannan karon ki nemi waɗanda za su kawo min har gida, wancan karon yini guda na yi a cunkoson hanya kafin in karɓo a tasha, jakar ma ta jiƙe." Shi ya sa na nemi masu kaiwa gida. Ba son banza ba ne, ba arha na bi ba. N18,000 suka ce, ya ma fi abin da nake biya a tasha. Da arha suka faɗa ai da na yi shakka.

Shafin yana da mabiya sama da dubu ashirin. Bidiyon lodi, hotunan mutane suna karɓar kaya suna murmushi, lambar rajista ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a saman shafi, adireshin ofis a Zoo Road. Matar da take amsa WhatsApp ɗinsu Hausarta tsaf, "Hajiya" sama "Hajiya" ƙasa, in sha Allahu a kowace magana. To me zan gani in ce ɓarayi ne? Ku faɗa min.

Yaron da suka turo shi ne ba ya fita daga idona. Ranar Talata bayan la'asar. Ya zo a mashin mai akwati a baya, da riga mai tambarin kamfani, da hular kwano. Ya yi sallama ya tsaya a soro, bai shigo ba sai da na ce ya shigo. Na riga na ɗaure jakar bakko, ya ce, "Hajiya a kwance a ƙirga a gabana don Allah, amana ce." Amana ce. Wallahi haka ya ce. Ya durƙusa a kan tabarma ya ƙirga turmi ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga leshi ya duba, ya rubuta a rasit mai lamba ja, ya naɗe jakar da salatif ya ce in sa hannu a kan salatif ɗin yadda ko an buɗe za a gane. Ni da hannuna na sa. Na kawo masa ruwa mai sanyi ya sha, na ba shi N1,000 na ce ya ƙara mai. Ya ce Allah ya ƙara buɗi. Na riƙe masa jakar yana ɗaurewa da roba a bayan mashin. Ni na riƙe masa.

Na manta ban faɗa ba, tun da safe Abban yara ya ce min, "Ki bari gobe in biya in kai miki tasha." Na ce masa lokaci ya ƙure, kuma mai kaya gida take so. Bai sake ce min komai ba har yau, kuma shirun nan nasa ya fi min faɗa ciwo.

N18,000 ɗin tun kafin yaron ya zo na tura. A nan ne kaɗai na ga wani abu: sunan da ya fito a asusun ba na kamfani ba ne, sunan mutum ne. Na tambaya, ba wai ban tambaya ba, yana nan a hirarmu za ku gani. Matar WhatsApp ɗin ta ce na akawunsu ne, asusun kamfani ana gyaransa. Mu 'yan kasuwa sau nawa muke karɓar kuɗi ta asusun ƙani ko na miji? Ni kaina na sha yi. Shi ya sa ban ɗauke shi komai ba.

Alhamis da dare ta kira wai kwastam sun tare motarsu a Lakwaja. A'a, kafin wannan akwai na Laraba. Laraba da safe ta ce kayan da ya haura N500,000 dole a yi masa inshora kafin ya hau mota, N35,000, wai za a mayar min idan kaya ya isa lafiya. Na yi faɗa, na ce me ya sa ba ku faɗa jiya ba. Ta ba ni haƙuri ta ce laifin yaron ne. Kayana na N640,000 yana hannunsu, zan tsaya jayayya a kan N35,000? Na tura. Sai na Alhamis ɗin, kwastam, wai duk mai atamfa a motar sai ya kawo N47,000 ko a sauke kayansa a wuce. Har hoto ta turo min, wata mota a gefen titi da dare da mutane masu kaki daga nesa. Kowa ya san ana tare kayan yadi a hanya, ba sabon labari ba ne a Kwari. Hajiya kuma tana ta kirana daga Agege. Na tura. Daga baya wani da ya daɗe a harkar fito ya ce min kwastam idan sun riƙe kaya takarda suke bayarwa, kuɗin gwamnati ba ya shiga asusun wani mutum. A daren nan ina na ga natsuwar tuna wannan?

18 da 35 da 47. N100,000 cif. Kamar sun auna.

Juma'a da safe saƙona ya daina shiga. Na kira, a kashe. Na duba da wayar ƙanwata, shafin babu shi. Na hau a-daidaita-sahu zuwa Zoo Road da rasit a hannuna, lambar shagon da suka rubuta tela ne a ciki yana ɗinki. Maigadin wurin ya kalli rasit ɗin kawai ya ce, "Hajiya ke ce ta huɗu." Na zauna a kan dakali, ƙafata ta ƙi ɗaukata.

Lambar CAC ɗin nan da ta ruɗe ni, ƙanena ya shigar da ita a shafin hukumar, kyauta ne ashe, ko minti biyu bai yi ba. Sunan wani kamfani daban ya fito, wanda ba ruwansa da kai saƙo. Shi ne kuma ya ce min kamfanin kai saƙo na gaskiya sai da lasisin NIPOST, hukumar gidan waya. Shekara shida ina aika kaya ban taɓa buƙatar sanin haka ba, don direba nake ba wa ido da ido.

Na je wurin 'yan sanda na ba da bayani. Na je banki sun rubuta ƙorafi, sun ce in kawo takardar kotu. Ina bi, ban haƙura ba. Amma yaron nan, da ya durƙusa a kan tabarmata ya ce amana ce, ban yafe masa ba. Ita ma matar ban yafe ba. Allah ya isa tsakanina da ku, N740,000, za ku biya ni a inda babu toshe lamba.

Masu sana'a irin tawa: ku je ofis da ƙafarku kafin ku ba da kaya. Sunan asusu ya bambanta da na kamfani, kada ku tura. Kaya na hanya aka ce a ƙaro kuɗi, ɓarayi ne.

Hotunan hirarmu duka suna nan, da rasit mai lamba ja, da shaidar tiransfa guda uku, da hoton sabon shafin nasu. Zan ɗora su yau da dare idan ƙanwata ta rufe min sunan Hajiya da adireshinta. Duk wadda ta gane rasit ɗin ta yi min magana, mu haɗu mu kai ƙara tare, tunda maigadi ya ce mu huɗu ne. Ranar Asabar za a kai lefen nan. Na sayar da sarƙata da 'yan kunnena na gwal, gobe da sassafe zan koma Kwari in sake haɗa kayan Hajiya, kuma da kaina zan tsaya a tasha har motar ta tashi.