Wata takwas da Steam Deck a jakata, da abin da ta nuna mini game da kasuwar gem ɗin hannu

A jirgin ƙasan Rigasa zuwa Idu, wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba ya yi ta leƙen abin da ke hannuna har haƙurinsa ya ƙare. "Kawu, wannan wace irin PSP ce ƙatuwa haka?" Na ce masa sunanta Steam Deck. Ya gyaɗa kai kamar ya gane, sannan ya juya ya raɗa wa babansa cewa PSP ce sabuwar fita. Ban gyara masa ba. A wajenmu duk gem ɗin da ake riƙewa a hannu PSP ne, kamar yadda duk garin wanki Omo ne, ko da yake tun 2004 Sony ya fito da ita, kuma lokacin da take tashe ba a ma haifi yaron ba.

Tawa mai allon OLED ce, mai ma'ajiyar gigabait 512, wadda kamfanin Valve na Amurka ya fitar a Nuwamban 2023 a kan dala 549. Valve ba ya sayar da ita kai tsaye a Najeriya, don haka wani ɗan'uwa da ke karatu a Ingila ne ya riƙo mini da ya zo hutu. Da na mayar da kuɗin zuwa naira sai na ga sun isa sayen babur na hannu. Uwargida ta rigaya ni yin wannan lissafi, kuma har yau takan tuna mini duk sanda maganar cefane ta taso.

Abu na farko da za ka ji in ka ɗauke ta shi ne nauyi. Giram 640 ce, alhali Nintendo Switch ta asali da hannayenta ba ta wuce giram 400 ba. Wanda ya saba kwanciya rigingine ya ɗaga waya sama zai ji a damtsensa kafin rabin awa. Ni na koma ɗora ta a kan filo a cinya. Allon inci 7.4 ne, kuma baƙinsa baƙi ne na gaske, shi ya sa da daddare in an ɗauke wuta hoton yake fita tar. Hannayen sun zauna daidai a tafi, akwai maɓallai huɗu a baya da na yi wata biyu ban taɓa su ba, yanzu kuma ban iya wasa sai da su.

Abin da ya sa na ce kuɗina ba su tafi a banza ba kuwa ƙaramin maɓalli ne guda a sama. Kana tsakiyar faɗa da wani dodo, sai aka kira Magariba. Ka danna shi sau ɗaya, allon ya mutu, ka ajiye ta. Ka je masallaci, ka tsaya gaisawa a majalisa, ka dawo ka ci tuwo, sannan ka sake dannawa. Cikin daƙiƙa biyu ko uku ga ka nan daidai inda ka tsaya, takobin dodon ma yana sama bai sauko ba. Duk wanda ya taɓa buga gem a talabijin a ƙasar nan ya san zafin a ɗauke wuta bayan ka yi awa guda ba ka adana ba. Da wannan na'ura na rabu da wannan fargaba. Minti goma sha biyar a layin mai, minti ashirin ina jiran a tashi yara daga Islamiyya, da haka na ƙare wasannin da suka shekara uku a kwamfutata ban kai ko rabinsu ba.

Batirin kuwa ya danganta da abin da ka ɗora masa. Valve ya ce awa 3 zuwa 12, kuma a gwajina haka abin yake. Wasa mai nauyi irin Elden Ring yakan cinye shi cikin awa biyu da wani abu, ƙananan wasanni irin Stardew Valley kuma sai in je Abuja in dawo ban nemi caji ba. Akwai wajen da za ka rage wutar da injin yake ja daga wat 15 zuwa ƙasa, ka kuma rage yawan hotunan da yake fitarwa a daƙiƙa, sai fankar ta yi shiru, batirin ya daɗe. A watan Afrilu, da zafin Kaduna ya kai inda ya kai, nan ne na fi amfani da wannan dabara. Cajarta mai wat 45 ce. Na sayi fawa-bank a wani shago, mai shagon ya rantse mini cewa za ta ɗauke ta, na zo gida na jona sai na ga batirin yana raguwa alhali yana kan caji. Da na koma sai ya ce, "Yallaɓai, ai ba ka ce kwamfuta za ka caja ba." Ba ƙarya ya yi ba, don kuwa kwamfuta ce aka yi mata hannaye.

Wahalar da ta fi damuna ba daga na'urar take ba. Babban wasa ɗaya yakan kai gigabait 60, wani ya haura 100. Da datar waya wannan ɓarnar kuɗi ce, sai dai ka samu inda ake da intanet marar iyaka ka bar ta ta kwana tana saukewa. Ga kuma biyan kuɗi da dala, wanda katin bankina ya sha ƙi. Sauƙin kawai shi ne Steam, shagon wasanni na Valve a intanet, yakan yi gagarumin ragi a tsakiyar shekara da ƙarshenta, ka samu tsohon wasa mai kyau da dala biyar ko ƙasa da haka.

Sai maganar ƙwallo, wadda ita ce ta fara sa ni kallon sauran na'urorin. Ƙanena ya karɓe ta ranar farko, ya juya ta, ya yaba allon, sannan ya ce, "Yaya, ina FIFA?" Na ce babu. Ya miƙo mini abata. Na san da wannan kafin in saya. Steam Deck tana aiki ne da SteamOS, babbar manhajar Valve wadda aka gina a kan Linux maimakon Windows, kuma wata manhaja mai suna Proton ce ke yi wa wasannin Windows tafinta. Dubban wasanni suna tafiya lafiya ta wannan hanya, amma waɗanda ke da tsaurin tsaron hana maguɗi, irin EA Sports FC (sabon sunan FIFA) na shekarun nan da Fortnite da PUBG da sababbin Call of Duty, ba sa tashi a kanta sai an sa mata Windows. A gidajen gem na Kaduna da Kano kuwa, in ka cire ƙwallo da harbi ban san abin da ya rage ba.

Ta wannan ɓaraka Asus ya shigo a watan Yunin 2023 da ROG Ally, mai Windows 11 da injin da ya fi na Steam Deck ƙarfi, a kan dala 699. Lenovo ya biyo baya da Legion Go mai allon inci 8.8 da hannayen da ake cirewa, MSI ya kawo Claw a 2024 da injin Intel. Wani abokina yana da Ally, mun yi musaya na kwana biyu. Hoton ya fi sauri, ƙwallo tana tashi, wannan babu musu. Sai dai Windows an yi ta ne don mai tebur da linzami, kuma ƙaramin allo ba ya ɓoye hakan. Batirin Ally ta farko kuma mai ɗaukar wat 40 na awa guda ne, injin kuwa yana iya jan wat 25, kowa sai ya yi lissafin da kansa. Asus da kansa ya ninka batirin zuwa 80 a Ally X ta 2024, farashi ya tashi zuwa dala 799.

Wannan takara tsohuwa ce. A 1989 Nintendo ya fito da Game Boy, allo marar launi, batir huɗu da ke yin kwanaki, dala 90 a Amurka. Sega ya zo da Game Gear mai launi da haske, tana cin batir shida cikin awa uku zuwa biyar, dala 150. Game Boy da ƙanwarta mai launi sun sayar da sama da miliyan 118, Game Gear ba ta kai miliyan 11 ba. PSP ta fi Nintendo DS ƙarfi nesa ba kusa ba, ta sayar da kimanin miliyan 80, DS ta sayar da miliyan 154. Da Sony ya sake gwadawa da Vita a 2011, waya ta riga ta shigo aljihun kowa, aka daina ƙera ta a 2019. Sau uku ke nan mai ƙarfin inji yana shan kashi.

A ganina dalilin yana wajen da kowane kamfani yake cin ribarsa. Valve yana karɓar kashi 30 cikin 100 na yawancin cinikin da aka yi a Steam. Don haka da ya fito da Steam Deck ta farko a Fabrairun 2022 a kan dala 399, bai damu ya ci riba a jikin ƙarfen ba, tunda ya san ni da irina za mu yi shekaru muna sayen wasa a shagonsa. Nintendo ma haka, Mario da Zelda da Pokémon ba ka samun sababbin manyan wasanninsu sai a na'urarsa. Asus da Lenovo da MSI kuwa ba su da shagon wasa. Ranar da ka biya kuɗin na'ura ranar cinikinsu da kai ya ƙare, daga nan Valve ko Microsoft ne za su ci gaba da karɓar kuɗinka. Dole su ɗora riba a kan ƙarfen, dole kuma su fito da sabuwa kusan duk shekara. Shi ya sa kayansu suke ta hawa sama, har ROG Xbox Ally X da Asus ya yi tare da Microsoft a Oktoban 2025 ta kai dala 1,000. Mai wannan kuɗi zai tsaya ya yi tunanin ko kwamfutar cinya ta fi masa.

Kuma kasuwar da suke ta kokawa a kai ba ta kai yadda hayaniyarta take a intanet ba. Kamfanin binciken kasuwa IDC ya ƙiyasta a farkon 2025 cewa Steam Deck da Ally da Legion Go da Claw gaba ɗaya sun sayar da kimanin miliyan 6 cikin shekara uku, fiye da rabi kuma Steam Deck ce. Switch kuwa, daga Maris ɗin 2017 zuwa ƙarshen 2024 ta wuce miliyan 150. Switch 2 da ta fito ranar 5 ga Yunin 2025 a kan dala 450 ta sayar da sama da miliyan 3.5 cikin kwana huɗu. Abin da Steam Deck ta yi shekara uku tana tarawa, kusan shi Nintendo ya kwashe kafin sati ya zagayo. Masu kwatanta su biyun a matsayin kishiyoyi suna yi wa Valve kara ne. Nintendo yana sayar wa iyaye da yara da duk wanda ya shiga kanti ya ga kwali, Valve yana sayar wa mutanen da dama suke da tarin wasanni a Steam.

Abin da na fi zuba wa ido shi ne Legion Go S da Lenovo ya fitar a 2025 ɗauke da SteamOS. Wannan ya nuna Valve ba ya ƙyashin wani ya ƙera ƙarfen, muddin shagonsa ne ke buɗewa in an kunna. Microsoft ya gane haka, shi ya sa ya yi wa Windows sabuwar fuska mai kama da ta Xbox a na'urorin Asus. Ina jin nan faɗan zai koma a shekaru masu zuwa, tsakanin SteamOS da Windows, masu ƙera ƙarfe kuma su riƙa bin duk wanda ya fi jawo ciniki. In kamfanonin ƙwallo da harbi suka buɗe wa Linux ƙofa, Windows ta rasa babbar hujjarta. Sony dai ya tsaya a gefe da PlayStation Portal da ta fito a 2023 a kan dala 200, wadda ba ta tayar da wasa da kanta, hoto kawai take jawowa ta intanet. Da irin intanet ɗin unguwarmu ban ma yi sha'awar gwada ta ba.

A nan gida, babu ɗayansu da ke takara da ɗan'uwansa. Waya ce ta cinye kasuwar. Matashin da ke buga eFootball ko PUBG Mobile ko Free Fire bai biya ko kwabo ba wajen sauke su, kuma da na'urar da yake kira da ita yake wasan. A ƙasa da waya kuma akwai 'yan ƙananan gem ɗin China masu tsofaffin wasanni dubu-dubu, jikokin wancan mai bulo-bulo da muka riƙe muna yara. Na saya wa yarana guda marar suna, ta yi wata uku maɓallin dama ya nutse. Araha ba ta ado, amma na fi ganin irinta a hannun mutane sau goma a kan irin tawa.

Wanda yake da wasanni a Steam, yake yawan tafiya, kuma yana da inda zai riƙa saukewa, Steam Deck za ta biya shi, ko ta hannu ce ya samu. Ya duba 'yan sandunan juyawa da batiri kafin ya biya, domin kayan gyaranta sai an yi odarsu daga waje. Mai yara ya nemi Switch ta farko, wadda ta fi Switch 2 sauƙi, tana karɓar katin wasa da za ka iya aro ko ka sayar, kuma akwai ƙwallo a kanta. Ƙanena dai bai sake tambayata ba. Jiya da daddare muna zaune a tsakar gida babu wuta, ni da na'urar kuɗin babur a cinya, shi da wayarsa mai tsagaggen gilashi, yana ihu ya ci wani ɗan Indonesiya uku da nema.