Katin USB 3.0 na ExpressCard a kan Linux, ga yadda na same shi

Jama'a masu tsohuwar laftof ThinkPad irin T420 ko X220, wanga kati da ake cusawa a ramin ExpressCard na gefen laftof don a samu USB 3.0 mai saurin kwafi ya cancanci kuɗinshi wallahi. Ni a wani shagon kwamfuta nan cikin garin Sakkwato na saye, mai shagon ma cewa ya yi sai Windows yake aiki da shi, na ce malam bari dai in gwada.

Irin mai faɗin milimita 34 ne, yana shiga rami mai faɗin milimita 54 ma, amma yana ɗan rawa a ciki, in ka ja kebul da ƙarfi sai katin ya biyo ka. A Linux Mint (wani nau'in Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows) ban saka direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane katin, ko ɗaya ba, cif ɗin ciki na kamfanin Renesas ne kuma kanal (kernel, wato zuciyar Linux) ya san shi, ka buga umarnin lspci a tamina (terminal, inda ake rubuta umarni) za ka gan shi tsaf. Abin da ya ɗan ba ni haushi shi ne in laftof na kunne na cusa shi wani lokaci shiru kake ji, sai na kashe na saka katin tukun sannan na kunna, daga nan kam lafiya lau, har yau haka nike yi.

Gudu kuwa ba a magana, kwafin bidiyon biki daga filashi ya fi tsohon ramin USB 2.0 nesa ba kusa ba. Sai dai wuta ba ta ishe babban hadi dis ba, sai ka jona ɗan kebul ɗin wutar da ya zo da shi. Kuma da zafin Afrilu yana ɗaukar ɗumi sosai, in ba ka aiki da shi cire shi kawai.