Gargaɗi kan injin "zuƙe dafi" da ake yawo da shi a Damagaram

Ƴan uwa mazauna Damagaram, akwai wasu mutane da ke bin gidaje daga Birni zuwa Zango ɗauke da wani ƙaramin inji da roba, suna cewa yana zuƙe dafin jiki ta tafin ƙafa. Sukan zuba ruwa su barbaɗa gishiri, mutum ya tsoma ƙafafunsa, a kunna wuta, kafin rabin awa ruwan ya rine ya yi ja da kumfa, sai su ce ga cutar nan ta fito, a biya kuɗi. Wannan damfara ce.

Abin da ya sa zancensu ke shiga kunne shi ne sun jingina shi da ilimi na gaskiya, na yadda abu mai cajin lantarki ke janyo wani abu. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana lulluɓe da fata ta maiƙo mai ninki biyu, kaurinta kusan nanomita 5 (nanomita ɗan mitsitsin ma'aunin tsawo ne), kuma wasu daga cikin kawunan maiƙon suna ɗauke da caji negatif, wanda ke janyo ayon (ƙananan ƙwayoyin sinadari masu caji da ke narke cikin ruwa) masu caji pozitif irin su sodiyam da fotasiyam da kalsiyam su taru a kusa da shi. Masana kimiyya biyu, Gouy a 1910 da Chapman a 1913, ne suka bayyana yadda ayon ke taruwa haka a gefen abu mai caji. To amma ga abin da masu injin ba za su faɗa ba: a cikin ruwa mai gishiri kamar na jikin mutum, ayon ɗin da suka taru suna tare cajin, har ƙarfin janyowar ya dusashe a tazarar da ba ta wuce nanomita 1 ba, alhali milimita guda tana da nanomita miliyan. Ƙarfin da tsawonsa ke nan ba zai ratsa kaushin ƙafa ya jawo wani abu daga hanta ko ƙoda ba.

Jan ruwan kuwa tsatsa ce. Wutar da ke bi ta ruwan gishiri tana cin ƙarfen injin da ke cikin robar, ko da ƙafa ko babu. Duk wanda aka kawo wa injin, ya nemi a kunna shi ba tare da kowa ya tsoma ƙafa ba, zai ga ruwan ya rine haka nan.

Asarar kuɗin da sauƙi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dattawanmu masu ciwon suga da hawan jini da ake gaya musu su ajiye maganin likita tunda an zuƙe cutar. Don Allah, wanda iyayensa suka shiga hannun mutanen nan, ya tabbata sun ci gaba da shan maganinsu, kuma ya kai su asibiti a sake auna su.